Gani ya kori ji, taɓawa kuma fa? Nazari kan akwatin kimiyyar ƙasa da samaniya na gidajen tarihin Amurka

Hausawa sun ce gani ya kori ji, kuma bisa wannan magana aka gina gidajen tarihi tun asali: a tara abin mamaki, a ajiye shi bayan gilashi, a rubuta sunansa a ƴar takarda, mai ziyara ya zo ya kalla yana riƙe da hannuwansa a baya. Duk malamin da ya taɓa raka ƴan makaranta irin wannan wuri ya san yadda abin ke gudana. Yara su yi layi, mai jagora ya faɗi suna da shekaru, a tsawata wa wanda ya miƙa hannu, a koma gida. Bayan mako ɗaya, idan aka tambaye su abin da suka riƙe, sai su ba da labarin motar da ta kai su.

An daɗe ana neman maganin wannan. A 1937 masanin kimiyya Jean Perrin ya buɗe Palais de la découverte a birnin Paris, inda ake yin gwaji a gaban jama'a maimakon a nuna musu kayan gwaji a kulle. A 1969 Frank Oppenheimer ya buɗe Exploratorium a San Faransisko, ya ƙara taki ɗaya: mai ziyara da kansa zai murɗa, ya ja, ya leƙa, kuma ƴan lise ne aka ɗauka su riƙa zagayawa suna tattaunawa da baƙi. Daga wannan zuri'a akwatin da ake magana a kansa a nan ya fito.

Asalin akwatin

Sunansa Explore Science: Earth & Space. Wata haɗakar gidajen kimiyya da jami'o'in Amurka mai suna NISE Network ce ta tsara shi, da kuɗin hukumar binciken sararin samaniya ta ƙasar, wato NASA. An fitar da na farko a 2017, aka raba kwafi 250 kyauta ga gidajen tarihi da cibiyoyin kimiyya, sannan aka ci gaba da fitar da sabo kowace shekara har 2020. Ba a zaɓi 2017 haka kawai ba: a ranar 21 ga Agusta na shekarar husufin rana cikakke ya ratsa Amurka daga wannan teku zuwa wancan, kuma an so abin ya tarar da masu jagorar baƙi a shirye.

Kowane akwati ya ƙunshi ƙananan ayyuka na ƴan mintoci, waɗanda ake yi a kan tebur ɗaya. Kowane aiki yana tafe da kayansa, da allon bayani ga baƙo, da takardar jagora ga mai gabatarwa, da bidiyon horo. Cibiyoyin Amurka kaɗai aka aika wa akwatin kansa, amma takardun duka an sa su a intanet kyauta, cikin Ingilishi da Sifaniyanci. Saboda haka malami a Tawa ko ƙungiyar al'adu a Damagaram na iya samun su, kuma tambayar da ta kamata a yi ita ce: mene ne a ciki ya cancanci ɗauka, mene ne kuma ya kamata a bar wa masu shi?

Inda aikin ya yi kyau

Mafi kyawun abin da ke cikin akwatin shi ne mafi arha. Ana ba yaro tsirin takarda mai tsawon kamar mita ɗaya, ya sa rana a wannan baki, ya sa yankin Fuluto a wancan. Mai jagora nagari yakan fara da cewa yaron ya nuna inda yake zaton sauran duniyoyin suke, kuma kusan kowa jera su yake da tazara iri ɗaya, kamar tukwane a rumfar mai sayarwa, domin haka littattafan makaranta ke zana su. Sai a ce ya ninka takardar biyu: a tsakiya Uranus take. Ya sake ninkawa: Zuhalu a kashi ɗaya cikin huɗu, Neftun a kashi uku cikin huɗu. Ya ninka guntun da ke tsakanin rana da Zuhalu: nan ne wurin Mushtari. A ƙarshe sai ya tarar duniyoyi huɗu na kusa da rana, har da wadda yake tsaye a kanta, sun cunkushe cikin santimita huɗu na farko, wuri da bai kai tsawon yatsa ba. Ba wanda ya gaya masa cewa zanen littafinsa bai dace da gaskiya ba. Yatsunsa ne suka gano.

Na biyu shi ne aikin babbar rana da ƙaramin wata. Yaro ya riƙe ƙaramar ƙwallo, ya rufe ido ɗaya, abokinsa ya ɗauki babbar ƙwallo ya yi ta ja da baya har ƙaramar ta rufe ta ruf. Abin da ke faruwa a husufi ke nan: rana ta fi wata faɗi sau 400, amma kuma ta fi shi nisa kimanin sau 400, shi ya sa suke zama kai ɗaya a ido. Na uku shi ne duwatsun takarda: a cukuikuye takarda, a ɗan buɗe ta, a bi tudun da alƙalami mai tawadar da ruwa ke wankewa, a fesa ruwa, a ga inda tawadar ke gangarawa da inda take taruwa. Yaron da ya yi wannan ya fahimci dalilin da ya sa ruwan da aka yi a nesa ke cika gulbi a garin da ko ɗigo bai samu ba.

Abin da ya haɗa ayyukan nan uku shi ne tsarinsu: zato, gwaji, sannan mamaki. Ana barin mai koyo ya yi kuskure tukuna, a bainar jama'a kuma ba tare da kunya ba, domin takarda ce ke gyara shi. A makarantar da yaro ke tsoron buɗe baki don kada a yi masa dariya, wannan ba ƙaramar riba ba ce.

Inda misali ke yaudara

Sai dai kowane misali yana gyara kuskure ɗaya ne yana shuka wani. Tsirin takardar nan ya faɗi gaskiya game da nisa, amma ya jera duniyoyin a layi guda, alhali kowace tana kewaya rana ne a hanyarta, kuma ba su tsayawa sahu. Game da girma kuwa bai ce komi ba. A ma'aunin wannan takarda, faɗin rana bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na milimita ba, duniya kuma, wadda rana ta fi ta faɗi sau 109, ido ba zai gan ta ba sam. Ɗigon da yaron ya yi da fensir ya ninka girmanta na gaskiya sau ɗaruruwa. Haka ma aikin ƙwallaye biyu. Da za a bi ma'auni sosai, a ɗauki lemun tsami mai faɗin santimita 4 a matsayin wata, to sai mai kallo ya tsaya nesa da shi mita 4 da rabi, rana kuma ta zama dunƙule mai faɗin mita 16, a ajiye ta a nisan kilomita ɗaya da mita 700. Babu teburin da zai ɗauki wannan.

Ba laifin masu tsara akwatin ba ne, domin haka halin misali yake. Amma daga nan ake gane cewa nauyin aikin yana kan mai jagora. Idan ya san iyakar misalinsa, zai tambayi yaro: me wannan takarda ta nuna daidai, me ta kasa nunawa? Idan bai sani ba, yaro zai tafi da takardarsa a aljihu yana murna, da sabon kuskure a ka, wanda ya fi na da wuyar cirewa tunda da hannunsa ya yi shi. Taɓawa kaɗai ba ta haifar da sani. Mai ƙira ya fi kowa taɓa ƙarfe, amma da ba a yi masa bayani ba, da bai yi tambaya ba, zugazugi kawai zai iya. Ayyukan minti biyar, a zauren da mutane ke shiga suna fita, sun fi saurin zama wasa fiye da darasi, kuma wasan da aka yi wa laƙabi da kimiyya yana sa manya su yi zaton an koyar da wani abu.

A wannan fanni Faransawa sun fi yin hattara. Shirin La main à la pâte, wanda Georges Charpak, mai lambar Nobel ta 1992, ya kafa tare da Pierre Léna da Yves Quéré a tsakiyar shekarun 1990, ya wajabta wa kowane yaro ya riƙe littafin gwaji, wato kaye, inda zai rubuta da kalmominsa abin da ya zata, abin da ya yi, da abin da ya gani. Gidan tarihi ba aji ba ne, ba a tsare baƙo a ce ya yi rubutu. Amma ƙungiyar da ke karɓar yara iri ɗaya kowane mako tana iya haɗa biyun.

Kayan aro

Kayan aro ba ya rufe katara, in ji masu iya magana, kuma wasu ayyukan akwatin an ɗinka su ne daidai jikin mai su. Akwai wanda ake daskarar da ƙwallayen ƙanƙara da ƙananan abubuwa a ɓoye cikinsu, yara su bincika abin da ke ciki, don a kwatanta watannin Mushtari da Zuhalu masu teku a ƙarƙashin ƙanƙara. Dabara ce mai kyau ga wanda ke da firigo da wutar lantarkin da ba ta yankewa. A Tawa cikin watan Afrilu, kafin yara su gama zama darasin ya zama ruwa. Akwai na inuwa, wanda aka yi wa ƙananan yara da tocila da ɗan mutum-mutumin beyar, dabbar da yaron Sahel bai taɓa gani ba. Akwai na hauhawar teku, inda ake zuba ruwa kaɗan-kaɗan a kan ƙirar gaɓa ana zana inda ya kai, alhali Nijar ba ta da bakin teku.

Waɗannan gyaransu ba shi da wuya, kuma sau da yawa gyaran ya fi na asali. Ƙirar gaɓar teku tana iya zama ƙirar unguwa da aka yi da laka, da kwari da tudu. Mutanen Yamai da suka ga ambaliyar kogin Kwara a 2020, da mutanen Damagaram da tsohon masallacinsu na Birni ya rushe a damanar 2024, ba su buƙatar a gaya musu amfanin sanin inda ruwa ke bi. Game da inuwa kuwa, wannan yanki yana da abin da babu shi a jihohin Amurka in ban da Hawai: sau biyu a shekara rana tana tsayawa daidai tsakar ka, sandar da aka kafa a miƙe ta rasa inuwa da tsakar rana. A Maraɗi hakan na faruwa wajen ƙarshen Afrilu da kuma tsakiyar Agusta, kuma tsakanin lokutan biyu inuwar tsakar rana kudu take nufa, sauran shekara kuma arewa. Jama'ar da ta daɗe tana gane shigar la'asar da tsawon inuwa ba ta buƙatar tocila kafin ta soma wannan darasi. Da sanda biyu da waya ma ana iya maimaita awon da Eratosten ya yi a Masar fiye da shekaru 2000 da suka wuce: tsakanin Maraɗi da Agadas akwai kusan digiri 3 da rabi, kimanin kilomita 385 daga kudu zuwa arewa. Ajin nan da ajin can su auna inuwa a tsakar rana ɗaya, su haɗa lissafi, su sami zagayen duniya kusa da kilomita 40 000.

Akwai kuma giɓin da ya fi waɗannan zurfi. Ƙasar da ke cikin akwatin ita ce ƙasar da tauraron ɗan adam ke hange daga sama: gajimare, teku, zafi, ciyayi. Ba abin mamaki ba ne, tunda NASA ce ta biya, kuma kusan kowane aiki yana ƙarewa ne da ambaton wani kumbo ko wani bincike nata. Wannan haƙƙinta ne, amma illarsa ita ce yaron da ke nesa yana iya ɗauka cewa sanin sama da ƙasa na masu roka ne kaɗai. Ƙasar da ake haƙawa, mai duwatsu da ƙasusuwa da shekaru miliyoyi, ba ita ce ta dami akwatin ba, kuma nan ne arzikin Nijar yake. A Gadufawa, cikin hamadar Tenere, Philippe Taquet ya yi aiki tun shekarun 1960, inda aka sami ƙaton kadan nan Sarcosuchus da dinozor mai suna Ouranosaurus. A can ne ma aka tono Nigersaurus, mai haƙora fiye da 500, wanda Paul Sereno ya raɗa wa suna a 1999, dabbar da ta yi kiwo a bakin koguna kimanin shekaru miliyan 110 da suka wuce, a inda yau babu komi sai rairayi. Gidan tarihi na ƙasa mai sunan Bubu Hama, wanda aka buɗe a Yamai a 1959, yana nuna irin waɗannan ƙasusuwa, ga kuma itacen Tenere da mota ta kayar a 1973. Babu akwatin da zai zo daga ƙetare ya koya wa yaro ma'anar kada a tsakiyar hamada. Wannan aiki sai masu wurin: kwalba mai haske, da yashi da laka da toka ana zubawa bi da bi, da ɗan ƙashi a tsakani, sun isa su nuna cewa na ƙasa ya riga na sama, kuma igiya mai tsawon mita 110, kowace mita a madadin shekaru miliyan ɗaya, za ta nuna cewa duk tarihin Daura da Katsina da Gobir bai wuce milimita ɗaya ko biyu na ƙarshenta ba.

Maganar harshe

Masu tsara akwatin sun fassara shi zuwa Sifaniyanci domin sun gane cewa yaro ba ya yin tambaya sai cikin harshen da yake sakewa da shi. Wannan ne darasi mafi muhimmanci ga malamai a Nijar, ƙasar da ta soma gwada koyarwa cikin harsunan gida tun 1973, wadda kuma a 2025 ta ɗaga Hausa zuwa matsayin harshen ƙasa. Idan aka kawo aikin hannu amma aka ci gaba da bayani cikin Faransancin da rabin yara ba su iya mayar da magana da shi, to an canza kaya ne kawai, shirun yana nan.

Fassarar kuwa ba ta tsaya ga musanya kalma da kalma ba. Hausa tana da tarkunanta. Rana ita ce mai haske, ita ce kuma yini. Wata shi ne na sama, shi ne kuma kwana talatin. Ƙasa tana nufin turɓaya, tana nufin inda ake takawa, tana nufin Nijar. Tauraro yana ɗaukar mai hasken kansa, da marar hasken kansa, da na'urar da mutum ya harba. Zara, wadda ake yi wa kirari da matar wata, ba tauraruwa ba ce irin na Kaza da ƴaƴanta: duniya ce mai kewaya rana, haskenta na aro ne. Dole mai jagora ya san waɗannan mararraba, ya tsaya a kowace ya tabbatar shi da yaro abu ɗaya suke nufi. A wani gefen kuma harshen yana da jarin da ba a taɓa ba. Malaman falaki sun daɗe da sunayen Uɗaridu, Zuhura, Mirrihu, Mushtari da Zuhalu, manoma kuma suna lura da taurari kafin shuka, kowace shekara kuma jama'a na fita neman jinjirin wata.

Har maganar nan ta yara cewa rana ta kama wata, lokacin da suke fita da gwangwanaye suna kiɗa a daren husufi, ba abin ba'a ba ce ga mai jagora mai hankali. Zato ne, kuma da zato ake fara kowane gwaji. A ba yaro lemu a hannu, a haska tocila daga bayansa, ya juya har inuwar kansa ta rufe lemun, sannan a tambaye shi: ina rana take yanzu, kusa da wata ko a ɗaya gefen? To wa ya kama shi? Amsar za ta fito daga bakinsa, cikin harshensa, kuma ba a wulaƙanta kakarsa ba.

Kafin 2027

Da hantsin Laraba, 29 ga Maris 2006, husufin rana cikakke ya ratsa yankunan Maraɗi da Damagaram ya nufi Bilma. Abin da Amurkawa suka yi wa tanadin akwati 250 a 2017, ya riga ya wuce ta kan rufin makarantun nan shekaru 11 kafin nan. A ranar 2 ga Agusta 2027 wani zai ratsa arewacin Afirka, daga Maroko zuwa Masar, kuma a Nijar za a ga wata ya rufe wani sashe na rana. Kallon rana kai tsaye yana lalata ido, ko da an rufe mafi yawanta, kuma baƙin tabarau na kasuwa ba ya karewa. Amma madambaci da aka ɗaga sama da farin zane zai zuba hotunan rana masu kama da lauje, ɗaya ta kowace huda, haka ma hasken da ke ratsa ganyen dogon yaro.

Hukuncin da za a yi wa akwatin ke nan: kayansa ba su ne abin nema ba, domin mafi yawansu akwai madadinsu a kasuwar kowane gari. Abin ɗauka shi ne tsarin takardar jagora, wato aiki ɗaya, manufa ɗaya, tambayoyin da za a yi, da horon da ake ba mai gabatarwa kafin ya tsaya gaban jama'a. Ƙungiyoyin al'adu da gidajen tarihi na Yamai, Damagaram da Doso suna iya zaɓen ayyuka biyar ko shida, a zaunar da malamin kimiyya da malamin Hausa su rubuta takardar kowane aiki cikin harsuna biyu, a ƙara mata layi guda da ke faɗin abin da misalin ya kasa nunawa, sannan a horar da ƴan lise su riƙa gabatarwa ga ƙannensu, kamar yadda aka yi a San Faransisko tun 1969. Kuɗin da wannan ke ci bai wuce na takarda da igiya da lemu ba. Abin da ya fi tsada shi ne lokacin da malaman biyu za su ɓata suna gardama kan kalmar da ta dace, kuma wannan gardama ita ce rabin aikin.